Masu Raba Faɗa da Sankara Ke Fakewa da Su

Kyautar Nobel ta fannin likitanci ta shekarar 2025 ta faɗa hannun Shimon Sakaguchi na Japan da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka, saboda binciken da suka yi kan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira Treg. Aikin waɗannan ƙwayoyi raba faɗa ne: in garkuwar jiki ta harzuƙa, su ke tsawata mata kada ta auka wa jikin da take tsaro. Sakaguchi ne ya gano su a 1995.

Sai dai sankara ta iya wayo. Takan fitar da sinadaran da ke janyo Treg su yi dandazo a cikin ƙarin sankarar, su hana ƙwayoyin da ke kashe ta yin aikinsu. Wani bincike na 2004 kan sankarar ƙwan mace ya nuna cewa matan da Treg suka yi yawa a ƙarinsu sun fi saurin rasuwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanonin magunguna suka bazama neman hanyar kawar da Treg, musamman ganin cewa sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su ipilimumab da Amurka ta amince da shi a 2011, ba sa yi wa yawancin masu jinya aiki.

Faɗar ta fi yi sauƙi. Magungunan farko sun kai hari kan wata alama mai suna CD25 da ke jikin Treg, ashe ƙwayoyin da ke yaƙar sankarar ma suna ɗauke da ita, aka haɗa mai laifi da marar laifi. In kuma aka share Treg daga jiki baki ɗaya, garkuwar kan juyo kan fata da hanji. Mogamulizumab, wanda Japan ta fara amfani da shi a 2012 kan wata sankarar jini, yana rage Treg, amma ƙuraje masu tsanani na cikin illolinsa. Abin mamaki ma, a sankarar hanji yawan Treg wani lokaci alamar alheri ce.

Shi ya sa hankali ya koma kan CCR8, alamar da aka lura a 2016 cewa ta fi yawa a jikin Treg da ke cikin ƙari. Nan ne dabarar ta fi ma'ana, domin za a taɓa na cikin ƙarin a ƙyale na sauran jiki. Magungunanta suna matakin gwaji a jikin masu jinya, yawanci haɗe da masu zaburar da garkuwar jiki.