Ko Kun Sani? Garin Ƙarfe Kan Tsayar da Katafila

Ko kun sani cewa katafila, duk da girmanta da ƙarfinta, takan ƙi tashi ko ta mutu ana tsakiyar aiki saboda wata na'ura da ba ta fi yatsa girma ba? Ita wannan na'ura, wadda ake ɗaurawa dab da haƙoran faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji, galibi maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma duk haƙorin da ya gifta sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Da wannan kwamfutar injin take lissafin saurinsa, ta ƙayyade lokacin fesa man dizal.

Da yake ɗabi'ar maganaɗisu ce jawo garin ƙarfe, sau da yawa illar da ke tsayar da injin ba ta wuce wannan datti a bakinsa ba. Saboda haka makanike mai basira, in ya ga lamba 190 ta tsarin J1939, wadda ke nuni ga saurin inji, ba ya gaggawar sayen sabuwar na'ura, sai ya goge bakin, ya duba tazararta da haƙora, ya bi wayoyin da girgiza da zafi suka cinye, sa'an nan ya auna ta da mita.