Shin Ko Kun San? Rufin Motar Da Ya Ƙi Motsi

Shin ko kun san likitan haƙori ne ya ƙirƙiro rufin ƙarfe na mota mai shigewa but da kansa? Sunansa Georges Paulin, mutumin birnin Faris. Kamfanin Peugeot, wanda muka fi sani da 504 ɗin Kaduna, shi ya ɗora ƙirar tasa a kan motocin da ya kira Éclipse a tsakiyar shekarun 1930. Paulin bai daɗe yana cin moriyar abinsa ba, sojojin Jamus suka harbe shi a 1942 saboda yana cikin masu yi wa mamayarsu zagon ƙasa. A Amurka kuwa, Plymouth ta 1939 ce ta fara zuwa da rufin tamfol mai ɗaga kansa, kuma da zuƙar iskar inji yake aiki.

Shin ko kun san rufin Ford Skyliner ta 1957 yana da ƙananan injinan lantarki 7, da makunnai 10 masu gane inda rufin ya kai, da waya mai tsawon ƙafa 610? Shekara uku kacal aka yi ana ƙera ta. Tun daga kanta aka gane halin irin wannan rufi: aikinsa bi da bi ne, kowane mataki sai ya sami labarin cewa na gabansa ya kammala.

To a nan batun yake. Shin ko kun san sau da yawa rufin da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, ƙi kawai ya yi? Kwamfutar motar tana da sharuɗɗanta: mota ta tsaya, but ya rufu ruf, gilasan gefe su sauka, batir ya kasance da ƙarfi. Guda ɗaya ya ɓace, ko gezau. A Mercedes SLK da ta fito a 1996 akwai wani labule a cikin but da ke raba wurin kaya da wurin rufi. Idan ba a ja shi an maƙala ba, ko kwana mutum zai yi yana danna maɓalli ba abin da zai motsa. Porsche Boxster ta farko kuma sai an ja birkin hannu. In an ja amma fitilarsa ba ta kama a gaban direba ba, ɗan makunnin da ke ƙarƙashin birkin ne abin tuhuma, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Shin ko kun san kunne ya riga sifana aiki a wannan gyara? A kashe rediyo, a danna maɓalli, a saurara. Idan shiru ne tsit, a nemi fis, da rile, da maɓallin kansa, wato aikin mai wayarin. Idan famfon da ke tura man rufi yana kuka amma rufi yana nan zaune, ko yana tashi da ƙyar, mai ne ya yi ƙasa ko yana zurarewa a wani wuri. Idan kuwa ya tashi lafiya ya tsaya a wuri ɗaya kullum, akwai makunnin da bai kai saƙonsa ba, ko wayar da ta tsinke a cikin rigarta. BMW E46 ta yi suna da wannan, domin wayoyinta suna bin gaɓar da rufin ke lanƙwashewa, yau da gobe sai jan ƙarfen ciki ya karye alhali robar waje tana nan sumul.

Batir mai rauni ma yana yaudara. Yana iya tayar da mota amma ya gaza wa famfon rufi, shi ya sa ake gwajin inji yana aiki. Kuma wasu motocin, da an cire batir, sai gilasansu su manta iyakarsu. Sai an sauke su ƙasa, an ɗaga su sama, an riƙe maɓallin na ’yan daƙiƙoƙi, sannan rufin ya yarda.

Masu buɗewa da rufewa sau biyar a jere don burge ’yan biki, ku ma ga naku: famfon yana zafi, kuma a motoci da dama kwamfuta tana kashe shi da kanta har ya huce. Haƙurin ’yan mintoci ne maganinsa.

Shin ko kun san rufin Mercedes SL da ta fito a 1989 yana buɗewa cikin daƙiƙa 30, da taimakon silinda fiye da goma? Aikinsu irin na jak ɗin tifa ne, mai ake turawa da ƙarfi sai sandar ta miƙe. Lagonsu robobin da ke tare man, waɗanda shekaru da zafi ke cinyewa ko da motar a ajiye take a gareji. Biyu daga cikin silindojin suna saman gilashin gaba, daidai kan direba da na gefensa, to ku ƙiyasta inda man zai ɗiga. Jaguar XK8 ta fi ta rashin kunya: tiyon da ke wannan wurin yana fashewa, koren mai ya yi wa farar shadda wanka. Saboda haka mai sayen tsohuwar irin wannan mota ya shafa saman gilashi, ya ɗaga kafet ɗin but, ya duba ko da danshin mai.

Shin ko kun san rufin wasu motocin Amurka na shekarun 1950 da man birki yake aiki? Wannan tarihi ne, kada wani ya kwaikwaya. A motocin baya-bayan nan man birki kumbura robobin yake yi ya lalata su gaba ɗaya, ga cin fenti. Kowace mota da man da littafinta ya faɗa. Kuma man rufi ba ya ƙonewa kamar na inji, in ya ragu to akwai inda yake fita. Ƙari ba tare da neman yoyon ba asarar kuɗi ce.

Ruwa ma yana da nasa kason. A BMW Z4 ta farko, injin rufin yana zaune a wani rami a bayan kujeru, kuma in magudanar ramin ta toshe da ganye sai ya nutse ya yi tsatsa. A Boxster kuwa ruwan gangarowa yake yi ƙarƙashin kujerar hagu, inda na’urar makullin motar take. Tsofaffin motoci ’yan Beljiyam da ke shigowa ƙasarmu ba ganye ne babban abokin gabarsu ba: ƙurar hunturu ce ke taruwa a magudanun, ruwan farko ya mayar da ita laka. A zura siririyar roba mai laushi a buɗe su kafin damina, ban da waya mai tsini, don kada a huda tiyon.

Shin ko kun san masu ƙera motocin nan sun tanadi hanyar rufewa da hannu? A masu aiki da mai, yawanci akwai wani ɗan bawul a jikin famfo da ake sassautawa don ƙarfin man ya saki, kuma makullinsa kan zo cikin kayan aikin motar. Mutum biyu ake so, ɗaya dama ɗaya hagu, su ɗaga tare. Wanda ya ce zai yi da ƙarfin tuwo ba tare da sakin bawul ba, ƙarafan rufin zai tanƙwara, gyaran kuma ya ninka. Haka nan kada a sa hannu ko kai a ƙarƙashin rufin da ya tsaya a rabi sai an tokare shi, domin ƙarfin man yana sauka a hankali, rufin ya faɗo ba sallama.

Mazda MX-5 da ta fito a 1989 kuwa ba famfo ba silinda: maƙalai biyu ne a saman gilashi, a ɓalle su, a tura tamfol baya da hannu. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya.