Ba ƙafa ce ke riƙe kwamin wanke hannu ba

Duk wanda ya je sayen kayan banɗaki ya san shawarar da ake bayarwa: "Alhaji, ɗauki mai ƙafa, na jikin bango faɗowa yake yi." Masu faɗin haka ba da ka suke magana ba. Sun ga kwamin da ya sunkuya ya bar tsaga tsakaninsa da tayil, wani ma ya faɗo ya tarwatse, ga shi fasasshen tangaran yanka yake kamar aska. Tsoron nasu yana da tushe, kuma ina girmama shi. Inda muka rabu shi ne wurin ɗora laifin.

A leƙa bayan kwami mai ƙafar: shi ma da ramuka biyu na ɗaure shi a bango. Ƙafar tana ɗaukar wani kaso na nauyi, tana ɓoye bututu, amma in ba a ɗaure kwamin ba, turi ɗaya ya isa ya kifar da su duka biyun. Na bangon kuwa, ƙa'idar Turai ta EN 14688 ta shardanta ya jure nauyin kusan kilo 150 na tsawon awa ɗaya. Kayan da ya cika wannan sharaɗi ba wanke fuska zai karya shi ba.

Bangonmu ne matsalar. Yawancin gidajenmu da bulo mai rami ake gina su, inci 6 ko inci 9, kuma sau da yawa yashi ya fi ƙarfin siminti a cikinsa. Sai mai aikin famfo ya huda tayil, ya wuce filasta, ya faɗa ramin bulo, ya cusa fisha ta roba, ya ɗaure. Ranar da aka gama aikin komai tsaf. Amma ƙusar siririn gefen bulon kawai ta kama, kuma duk wanda ya dafa bakin kwamin yana fizgo ta ne waje, kaɗan-kaɗan, har ramin ya buɗe. Wani, don ya rufe aibin, sai ya lafta siminti ko silikon a baya. Silikon aikinsa hana ruwa shiga bayan kwami, ba ɗaukar nauyi ba.

Gyaran ba tsada gare shi ba, lokacinsa ne ke wuce mutane. Tun magini yana jera bulo ya kamata a nuna masa inda kwami zai zauna, ya cike ramukan wurin da kankare. In gini ya riga ya ƙare, a fasa wurin a cike, a bar shi ya yi ƙarfi kafin a huda. Sannan a sa ƙusoshi masu noti, masu kaurin milimita 8 ko 10, waɗanda ba sa tsatsa, da wosha ta roba tsakanin ƙarfe da tangaran. A daidaita shi da lebur, bakinsa ya kai santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa, kuma a sassauta hannu wajen ɗaure noti, don matsi mai yawa tsaga tangaran yake yi.

Abin da ake samu a madadin wannan ɗawainiya yana da daraja a banɗaki irin namu da ƙasansa ba ya rabo da ruwa. Tsintsiya tana shiga ko'ina, kyankyaso ba shi da maɓoya, yoyon bututu kuma ana ganinsa ranar da ya fara.

Akwai wuri ɗaya da nake tare da masu tsoron, wato alwala. Da yawanmu kan ɗaga ƙafa mu ɗora a kwami, wannan kuwa haɗari ne ko da wane iri aka sa: mutum na tsaye da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil, balle dattijo. Wanda ke gini ya sa a fitar masa da famfo na ƙasa daidai gwiwa, da ɗan dakali na zama da magudana a gabansa, tun kafin a manna tayil.