1/72: Lambar da Ke Rage Jirgi, Ta Ƙara Girman Kuskure

Duk wanda ya ɗauki kwalin ƙaramin jirgin yaƙi na roba, irin wanda ake saye a warwatse a harhaɗa da hannu a yi masa fenti, zai ga wata lamba a gefen hoton: 1/144, 1/72, 1/48 ko 1/32. Sabon shiga yakan ɗauka girman jirgin kaɗai take faɗa. Tsofaffin hannu sun san ta wuce nan. Ita ke yanke yawan fentin da jirgin zai sha, da kaurin da ya kamata fentin ya yi, da faɗin kantar da za a ɗora shi, har da irin kuskuren da ido zai iya yafewa. Don lissafin ya fito fili, za mu auna komai a kan jirgi ɗaya: F-16 na Amurka, wanda ya fara tashi a 1974, aka kuma ƙera fiye da 4,600 daga lokacin.

72: daga ina lambar ta fito?

Ma'anar 1/72 ita ce kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Lambar ta samo asali ne daga awon Ingila. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, don haka mutum mai tsayin ƙafa shida inci 72 gare shi, kuma a wannan ma'auni sai ya koma inci ɗaya cif. Jiragen katako na Skybirds ne suka fara yaɗa ma'aunin a Ingila a 1932. A 1936 kamfanin FROG ya fito da jerin Penguin na roba a kan ma'aunin. A 1953 kamfanin Airfix ya fitar da samfurinsa na jirgin Spitfire, ana sayar da shi cikin leda a shagunan Woolworths a kan sule biyu, kuɗin da yaron makaranta zai iya tarawa. Wannan araha ce ta shigar da 1/72 gidaje. Shi kuwa 1/48, wanda kamfanonin Amurka suka fi ɗaukaka, lissafinsa kwatan inci ne a madadin ƙafa ɗaya.

15.06: tsawon jirgin a mita

F-16 yana da tsawon mita 15.06, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin kuwa mita 9.96. Idan aka raba, ga abin da zai zauna a kan tebur:

A 1/144: tsawo santimita 10.5, faɗi 6.9.
A 1/72: tsawo santimita 20.9, faɗi 13.8.
A 1/48: tsawo santimita 31.4, faɗi 20.8.
A 1/32: tsawo santimita 47.1, faɗi 31.1.

Matuƙi mai tsayin mita 1.8 zai koma santimita 2.5 a 1/72, wato kusan gaɓar yatsa ɗaya. A 1/48 zai kai santimita 3.75. Wannan ɗan bambanci ya sa mazaunin matuƙi, da maɓallansa da ɗamarar kujerarsa, suka fi samun kulawa a 1/48: akwai wurin da bakin buroshi zai shiga, akwai kuma abin da ido zai gani bayan an rufe murfin gilashi.

2.25 da 3.4: inda lissafi ke yaudarar mai saye

Wanda ya tashi daga 1/72 zuwa 1/48 yakan ce ai ƙarin rabi ne kawai. A tsawo gaskiyarsa, ninki 1.5 ne. Amma fenti ba tsawo yake bi ba, fili yake rufewa, kuma filin jikin jirgin ya ninka sau 2.25. Cikinsa kuwa, wato sararin da ya mamaye, ya ninka kusan sau 3.4. Idan aka haura zuwa 1/32, filin fenti ya haura ninki biyar na 1/72, sarari kuma ya haura ninki 11. Ƙaramar kwalbar fentin Tamiya mililita 10 ce. Wadda ta ishi jirage da dama a ƙaramin ma'auni za ta yi saurin ganin gindinta a babba. Haka ma lokacin gogewa da samfefa da jiran bushewa: duk filin suke bi.

373,248: batun nauyi

Idan aka ninka 72 sau uku a kanta, ana samun 373,248. F-16C ba mai ba makami yana da nauyin kilo 8,570 ko kusa da haka. A raba, sai a ga cewa da za a ƙanƙance jirgin da injinsa da komai nasa, da giram 23 kacal zai auna. Sai dai samfurin roba ɓawo ne, nauyinsa bai bi tsarin na jirgin gaske ba. Shi ya sa samfura da yawa masu taya a hanci sukan kifa baya su zauna a kan wutsiya. Maganin ɗan giram kaɗan ne na darma a cikin hanci, kuma dole a saka shi kafin a manne ɓangarori biyu na gangar jiki. Bayan gam ya kama, bakin alƙalami ya bushe.

0.5: rabin milimita da ya zama rami

Nan ne zuciyar zancen. Lambar da ke rage jirgi sau 72 ita ce kuma ke ƙara kuskure sau 72. Tsagar rabin milimita tsakanin fiffike da gangar jiki, wadda da ƙyar farce zai shiga, daidai take da ramin santimita 3.6 a jikin jirgin gaske, ramin da yatsu biyu za su shige. Ɗigon gam mai faɗin milimita 2 a kan murfin gilashi tabo ne na santimita 14.4 a gaban idon matuƙi. Fenti mai kaurin milimita 0.1 ya zama milimita 7.2, kamar an yi wa jirgin yaɓe.

Wannan lissafi ne ya haifi ɗabi'un da masu sana'ar suka riƙe. Suna gwada sassa a bushe kafin su taɓa gam. Suna cike tsaga, su goge da samfefa daga mai kaushi kamar lamba 400 zuwa mai laushi kamar 2000. Suna tsinka fenti sosai, sau da yawa rabi fenti rabi tina, su fesa shi da ƙaramar bindigar feshi mai baki tsakanin milimita 0.2 da 0.5. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kaurin yakan cike siraran layukan da aka zana a jikin robar, alhali su ne ke nuna mahaɗar faranta. Sannu ba ta hana zuwa, a nan kuwa ita ce ma hanyar.

36118, 36270, 36375: ruwan toka ba ɗaya ba ne

Takardar umarnin da ke cikin kwali takan kawo lambobi masu gurbi biyar. Na kundin launuka ne na gwamnatin Amurka, FS 595. Gurbin farko yana faɗin sheƙi: 1 mai sheƙi, 2 tsaka-tsaki, 3 marar sheƙi. Na biyu yana faɗin dangin launi, 6 kuwa na ruwan toka ne. Shahararren fentin F-16 na sojan saman Amurka ya haɗa uku: 36118 mai duhu a gadon bayan jirgin, 36270 matsakaici a gaba da gefe, 36375 mai haske a ƙasan cikinsa.

Duk da cewa ƙarshen jirgin marar sheƙi ne, ana fara shafa masa mai sheƙi kafin a liƙa tambura, waɗanda ake jiƙawa a ruwa su sulluɓo daga takarda. Fenti marar sheƙi yana da ƙananan ramuka, iska takan maƙale a ƙarƙashin tambari ta yi fari kamar azurfa. Bayan tambura sun zauna, sai a rufe da shafi marar sheƙi.

36: nisan da ido yake tsaye

Mai kallon samfurin 1/72 daga rabin mita, kamar ya tsaya ne mita 36 daga jirgin gaske. Daga nesa launi yakan ɗan dusashe, shi ya sa wasu ke ɗiga fari kaɗan a fentinsu don kada ƙaramin jirgin ya yi duhu fiye da kima. Lissafin nan kuma gargaɗi ne ga mai zana dattin mai da hayaƙi: abin da ba za a gani daga mita 36 ba, bai kamata ya yi ƙarfi a jikin samfurin ba.

100: santimitar kanta

Kanta mai faɗin mita ɗaya za ta ɗauki F-16 bakwai a jere a 1/72, fiffike na gogar fiffike, ko huɗu a 1/48, ko uku a 1/32. Mai son nuna jirgin a filinsa kuwa ɗan yanki kawai zai iya ginawa, domin titin sauka mai kilomita 3 zai ci kusan mita 42 a 1/72. Akwatin gilashi ba ado ba ne kawai: hasken rana yana kashe launi ya sa tambura su yi rawaya, ƙura kuma, musamman ga mai zaune inda hunturu ke busawa, takan shige lungunan da goge su ke karya eriya da ƙafar taya. Wanda ke son jirgin da ya saba gani a samaniyar Najeriya ma ba a bar shi a baya ba: kamfanonin Heller da Kinetic sun yi samfurin Alpha Jet, Trumpeter kuma ya yi JF-17, irin jirage ukun da sojan saman ƙasar ya karɓa a 2021.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya riƙe lambar kwalinsa a ka. Kafin ya ce wannan ɗan aibi ba komai ba ne, ya ninka shi sau 72, ya tambayi kansa ko makanikin jirgi zai sallami jirginsa a haka. Idan amsar a'a ce, ya ajiye buroshi, ya sake ɗaukar samfefa.