Stephen Toulmin da Awon Hujja

An haifi Stephen Toulmin a birnin Landan cikin shekarar 1922. Lissafi da kimiyya ya fara karantawa a Jami'ar Kambirij, sa'an nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka sa shi aikin binciken na'urar nan mai hango jiragen sama tun daga nesa. Da yaƙi ya ƙare ya koma Kambirij ya juya ga falsafa, ya zauna gaban Ludwig Wittgenstein, ya sami digirin dakta a 1948. Ya koyar a Okasfod, daga nan ya zama farfesa a Lids a 1955.

A can ne ya fitar da littafin da ya sa aka san shi, watau The Uses of Argument, a 1958. Abin da ya dame shi kuwa shi ne, ilmin manɗiƙi, wanda aka gada tun daga Aristo, ya zama a hannun masanan zamaninsa kamar reshen lissafi, ba a yarda da hujja sai wadda sakamakonta ya zama tilas. To, ai ba haka alƙali yake yanke shari'a ba, ba haka kuma likita yake gane cuta ba. Saboda haka Toulmin ya ga ya fi kyau a auna hujja kamar yadda ake sauraron ƙara a kotu.

Sai ya rarraba ta gaɓa shida. A ce manomi ya ce za a yi ruwa yau. Wannan ita ce da'awa. In an tambaye shi dalili, ya ce hadari ya haɗu a gabas. Wannan shaida ke nan. Amma me ya haɗa shaidar da da'awar? Akwai ƙa'ida wadda bai furta ba, cewa hadarin gabas da damina yakan zubar da ruwa. Nan ne Toulmin ya fi zurfafa tunani, domin galibin gardamar mutane a kan wannan ƙa'ida take, alhali ita ce aka fi bari a ɓoye. In an musa ta, sai manomin ya kawo madogara, watau abin da aka daɗe ana gani shekara da shekaru. Sauran biyun su ne kalmar da ke nuna ƙarfin da'awa, kamar "galibi", da kuma togiya, kamar "sai fa in iska ta watsa shi". Siffar ɗaya ce ko'ina, amma madogarar da za ta gamsar da lauya dabam take da wadda za ta gamsar da mai ilmin taurari.

Masana falsafa na Ingila ba su yi maraba da littafin ba, wadansu ma suka ɗauke shi gaba ce da manɗiƙi. Malaman balaga da muhawara na Amurka ne suka karɓe shi, suka shigar da shi littattafan koyarwa, ko da yake ba su ne ya nufa ba. A 1965 shi ma ya ƙaura can.

Cikin shekarun 1970 ya yi aiki da wata hukumar gwamnatin Amurka mai duba haƙƙin mutanen da ake gwajin magani a kansu. Ya lura 'yan hukumar kan saɓa a kan manyan ƙa'idodi, amma in an ɗora musu mas'ala guda sai bakinsu ya zo ɗaya. Daga wannan ne shi da Albert Jonsen suka rubuta The Abuse of Casuistry a 1988. Ya rasu a Los Anjeles cikin Disamba 2009, yana da shekara 87.