Ko Kun Sani?

Ƙaura ce ta kai makarantar boko Wusasa, ƙauyen nan da ke gindin dutse a bayan ganuwar Zariya. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a cikin birnin Zazzau ya fara koyar da yara, amma a 1929 aka tashi mishan ɗin ɗungurungum aka mai da shi Wusasa.

Makarantar mishan ɗin a Wusasa, wato St. Bartholomew, ba wata babba ba ce, sai dai ta yaye manya. A nan Yakubu Gowon ya yi firamare, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1966. Farfesa Ishaya Audu ma ɗalibinta ne, kuma a 1966 ɗin ne ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.