PLATOON: Bos da akta duk kaki ɗaya suka saka

Matasan Dutsin-Ma da Kurfi da suka taso da kallon Commando sun saba da akta guda ya karkashe bataliya ya koma gida. To, Platoon na 1986 ba haka yake ba. Daraktansa, Oliver Stone, da kansa ya yi yaƙin Biyetnam, fim ɗin kuma ya lashe Oscar 4.

Rigimar ta cikin gida ce. Saje Barnes ya harbe matar mai gari, Saje Elias ya ce sam, har suka ba hammata iska. Gudun kotun soja, Barnes ya ritsa Elias a daji ya ɗirka masa harsashi, ya ce ya mutu. Ashe da sauran kwana! Jirgi ya ɗaga, sai ga Elias a guje, abokan gaba na harbinsa, ya durƙusa hannuwa sama. Hoton da ke jikin kwalin kaset ke nan.